Wa Ya Gaji Ɗakin Zaki?

 Yau za mu ajiye zancen girki da ɗinki mu ɗan fita shan iska, gama ina da labarin wata 'yar tafiya da na yi da 'yan ajina, wadda har yanzu ba ta bar raina ba.

A watan jiya, kafin a ba da hutu, na nemi izni wurin shugabar makarantarmu na kai 'yan aji biyar gidan namun daji na garinmu, wanda yara su ke kira gidan zu. Ƙaramin wuri ne, mutum ya iya zaga shi duka cikin sa'a guda ko da tafiyar hawainiya ya ke yi. Ba zan ambaci sunan garin ba, don ban zo in kunyata kowa ba, ku dai ku saurari labarin.

Wannan shi ne zuwana na uku. Na farko a 2013 ne, ina 'yar aji shida, malamarmu ta kai mu. Ita kuwa mace ce wadda ba ta yarda da kallon banza ba. Ta sa kowace yarinya ta riƙe littafi da fensir, ta ce duk kejin da muka tsaya a gabansa mu rubuta sunan abin da ke ciki, da ko guda nawa ne, da abin da muka ga yana ci. A ran nan mun ji haushinta ƙwarai, don 'yan wata makaranta suna ta guje-guje suna shan rake, mu kuwa muna fama da rubutu a tsaye cikin rana. Allah ya saka mata da alheri. Littafin nan yana nan a ƙasan akwatina. Da na koma a 2019, ina Kwalejin Horon Malamai, na tafi da shi na sake ƙirga, wannan karon ma shi na fara sawa a jaka kafin kuɗin mota.

To, ga abin da littafin ya nuna. A 2013 na rubuta iri 27. Akwai zaki da zakanya, da damisa guda, da kuraye uku, da gwanki, da barewa, da gada, da gadu, da beguwa, da jiminu huɗu, da gauraka biyu, ban da birai da kadoji da mesa da kunkuru da sauran tsuntsaye. A 2019 suka koma iri 21. Zakanya ta mutu, ba damisa, ba gwanki, gauraka ta rage guda ɗaya tana tsaye a lungu. A watan jiya na ƙirga iri 22. Na fara murna, na ce ashe an sami ƙari. Da na zauna gindin wata bedi na duba da kyau, sai na ga shida daga cikinsu duk na gida ne, watau raƙumi, da talo-talo, da agwagi, da zomaye, da zabi, da tantabaru. Namun dawa na ainihi 16 kaɗai suka saura. In da ban rubuta na farko ba, da na shiga na fito ina cewa gidan yana nan yadda na san shi, don ba kejin da na iske a wofi. Ko wanne an sa wani abu a ciki.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne a ɗakin zaki. Tun a mota yaran ba su da magana sai tasa. Da muka isa, ga allo a kafe da hotonsa da sunansa, ga ƙarafa masu kauri kamar taɓarya, ga kwamin ruwa na siminti. A cikin kwamin kuwa agwagi ne su ke iyo abinsu. Yara suka yi tsit. Can wata 'yar ƙarama ta ja mini gyale ta ce, "Malama, ko ya shiga ciki yana barci ne?" Kafin in ba ta amsa sai na ji ihu daga gaba, waɗansu sun ruga suna cewa, "Ga shi nan! Ga zakin nan!" Da na je na duba, ashe wata tsohuwar kura ce kwance ta ɗora haɓa bisa ƙafa. Kai, jama'a! 'Ya'yan Hausawa, waɗanda suka tashi da tatsuniyar kura da gizo, ba su iya bambanta kura da zaki ba. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. A ina za su gani?

Akwai wani dattijo mai ba dabbobin abinci, wanda na gane shi tun zuwana na fari. Na gaishe shi na ce, "Baba, ina zakin nan da na sani?" Ya ce, "Ayya, Malama, tsufa ya ɗauke shi. Tun da macen ta mutu bai sake walwala ba. Da hannuna na ja shi muka binne." Na ce, "To, Baba, ba za a kawo wani ba?" Ya yi murmushi ya ce, "'Yata, daga ina? Kin ga ana tallarsa a kasuwar Laraba?" Muka zauna na buɗe masa littafina, ina karanta suna yana gaya mini ƙarshen ko wanne. Daga hirarmu, da abin da na karanta a baya, na fahimci dalilin da ya sa waɗansu iri su ke ƙarewa a irin waɗannan gidaje, waɗansu kuwa su ke yaɗuwa har a rasa inda za a sa su.

Dalili na farko abinci ne. Babban zaki yana bukatar nama wajen kilo 5 zuwa 7 kowace rana. Ke uwargida da ki ke zuwa wurin mahauci, ki lissafa kuɗin wannan a wata, sa'an nan ki lissafa na shekara. Kada kuwa ya kan ci sau ɗaya ya kwanta kwana da kwanaki bai nemi wani ba, kunkuru kuma ganye da ɓawon kankana sun ishe shi. Saboda haka in kuɗi ya yi wuya, masu cin nama da yawa su ne su ke fara shan wahala.

Na biyu aure. Zaki a tsare ya kan kai shekara 20, daga nan sai kwana ya ƙare. In shi kaɗai ne, ko kuwa an ajiye maza biyu ba mace, to, ran da ya mutu irinsa ya ƙare a gidan. Manyan namun dawa kuma ba su da saurin haihuwa. Giwa wata 22 ta ke ɗauke da ciki, raƙumin dawa wata 15, ko wacce ɗa guda ta ke haifa. Kada kuwa ta kan saka ƙwai 40 ko fiye a rami guda. Shi ya sa a littafina kadoji suka tashi daga 5 zuwa 19, kunkuru ma har sun cika shingensu.

Na uku hanyar samun sababbi. Baba ya ce yawancin abin da ke shigo musu yanzu ba saye a ke yi ba. Wani an ƙwace shi ne daga hannun mafarauta ko masu wasa da kura da biri a kasuwa, wani kuwa wani mai hali ne ya saya yana ɗan ƙarami don sha'awa, da ya girma ya fara cizon yara sai a kawo musu. Shi ya sa birai ba su yankewa. Amma gwanki ko damisa, wa zai kawo? Sai an same su a dawa tukuna, dawan kuwa shi ma ya fara zama wofi.

Wannan ita ce maganar da na fi so ku riƙe. Abin da ya ɓace a keji, in kun bincika, sau da yawa za ku tarar ya yi wuya a daji ma. A 2014 masana suka bayyana sakamakon ƙirgar da suka yi shekara da shekaru suna yi, suka ce zakokin da suka rage a Afirka ta Yamma duka ba su wuce wajen 400 ba. Mafi yawansu suna dajin da ya haɗa iyakar Binin da Burkina Faso da Nijar. A Nijeriya wuri biyu kaɗai aka same su, Yankari ta ƙasar Bauchi da dajin Kainji, su ma duka ba su kai 50 ba. Ku duba fa, dabbar da mu ke yi wa sarakuna kirari da sunanta, a ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200.

Ba manya kaɗai ba. Ku tambayi iyayenmu, za su gaya muku dā ba mahautar da za a je ba a iske ungulaye jere bisa katanga ba, har a ke cewa ungulu ba ki jewar banza. Yaushe rabonku da ganin ko guda? A 2015 aka sa irin ungulun nan tamu ta cikin gari a jerin tsuntsayen da su ke dab da ƙarewa a duniya. Guba da a ke sa wa mushe tana kashe su, masu neman kansu da ƙafafunsu don magani kuma suna saye. Gauraka ma, mai tukku kamar zinariya, wadda dā a ke gani garke-garke a fadamun Arewa, yanzu da wuya a gan ta a dajin Nijeriya. 'Yan ajina 34 ne, na tambaye su wa ta taɓa ganin ungulu a waje, ba wadda ta ɗaga hannu. A keji suka fara ganinta ran nan, suna ta dariyar sanƙonta.

Wani lokaci kuma asarar ba a hankali ta ke zuwa ba, dare ɗaya ta ke yi. Kun tuna abin da ya sami Maiduguri ran 10 ga Satumba 2024, sa'ad da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya ci gari, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu. Gidan namun daji na Sanda Kyarimi, wanda aka kafa a 1970 aka sa masa sunan Shehun Borno, yana cikin wuraren da ruwan ya rufe. Hukumar gidan ta ba da sanarwa cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobin sun hallaka, ta kuma gargaɗi jama'a su yi hattara da kadoji da macizai da ruwa ya kwasa ya kai cikin unguwanni. Mutane sun ga jimina tana ratsa ruwa a kan titi. Dabbar da ke dawa in ta ji ruwa tafe sai ta nemi tudu, wadda ke kulle kuwa ba ta da ta yi. Abin da aka yi fiye da shekara 50 ana tarawa ya tafi kafin gari ya waye.

Watakila wata za ta ce, to, in haka ne me ya sa a ke tsare su tun farko? A sake su mana su koma dawa. Ni ma na yi wannan tunani, musamman da na ga tsohuwar kurar nan tana kai da kawowa cikin ɗaki wanda bai fi madafina girma ba. Kowa ta san labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Duk wanda ya kulle mai rai ya ɗauki nauyi a wuyansa. Amma dabbar da aka haifa a keji ba ta iya farauta ba, in an sake ta yunwa za ta kashe ta, ko ta faɗa wa garken wani a harbe ta. Har wa yau kuma, gidan namun daji in an riƙe shi da kyau yana da amfanin da ya wuce kallo. Bari in ba ku misali.

Akwai wata dabba da kakanninmu su ke kira mariri, fara ce mai jan wuya, da dogayen ƙahoni lanƙwasassu kamar takobi. Dā tana yawo garke-garke a bakin hamada, daga Nijar har Cadi. Farauta da bindiga a mota, da fari, da yaƙi suka gama da ita, har a 2000 aka ba da sanarwa cewa babu sauranta a dawa ko'ina a duniya. Amma akwai waɗanda aka tsare a gidajen namun daji na ƙasashen waje, ana rubuta haihuwarsu da mutuwarsu, ana musayar maza da mata tsakanin gida da gida don kada irin ya lalace. A 2016 aka fara ɗauko su a jirgin sama daga Abu Dabi ana sakinsu a wani daji da ke tsakiyar Cadi. Suka hayayyafa suka kai ɗaruruwa, har a Disamba 2023 aka cire mariri daga jerin waɗanda suka ƙare a dawa. In da ba a tsare waɗancan ba, aka kuma riƙe lissafinsu sosai, da yanzu sai dai sunan a bakin tsofaffi.

Maƙwabtanmu na Nijar kuma sun nuna ana iya tsare dabba tun tana dawanta. Raƙuman dawa irin na Afirka ta Yamma, waɗanda dā su ke yawo daga Senegal har Tabkin Cadi, sun ragu har suka koma 49 kacal a 1996, duka a wajen Kure, kimanin mil 40 daga Yamai. Gwamnati ta hana kashe su, aka taimaki manoman wurin da rijiyoyi da rance don su haƙura da ɓarnar da su kan yi musu a gonar wake, samari kuma suka sami aikin raka baƙi masu zuwa kallo. Kafin 2018 sun haura 600, har a shekarar aka ɗebi 8 aka kai dajin Gadabeji a jihar Maraɗi don su kafa sabon garke. Duk wannan da ƙirga aka fara shi. Sai da aka san 49 ne suka rage, sa'an nan hankalin mutane ya tashi.

To, mu mata mene ne namu a ciki? Ba mu da ikon sayo zaki, amma akwai abin da ke hannunmu.

Da fari, ku kai yara. Ki roƙi maigida ya kai ku ran hutu, ko ku haɗa kai da maƙwabta ku ɗauki mota guda. Akwai gidan namun daji a Kano, wanda aka kafa zamanin Gwamna Audu Bako, akwai a Jos kusa da gidan kayan tarihi, akwai a Yamai cikin gidan tarihi na ƙasa wanda aka buɗe a 1959. Kada ku jira sai ran salla, lokacin da cunkoso ba ya barin yaro ya ga kome sai ƙeyar mutane. Ku tafi da sassafe, gama da rana ta take dabbobi su kan shige inuwa su kwanta. Kuɗin tikitin da kuka biya, kome ƙanƙantarsa, yana nuna wa hukuma cewa akwai masu kula da wurin.

Na biyu, ku hana yara tsokana. Na ga wani ƙato da gemunsa yana jifan kada da dutse wai don ya motsa, na ga kuma ana miƙa wa biri alewa cikin leda. Leda in ta shiga cikin barewa ko jimina ba ta narkewa, sai ta toshe hanji dabbar ta rame ta mutu. Kada kuma ku bar yaro ya zura hannu ta ƙarfe, ko da abin da ke ciki ya yi kamar barci ya ke yi. Yaron da aka bari ya jefi abin da ke kulle, gobe a gida ƙanensa zai jefa.

Na uku, kada ku saya. In an kawo muku ɗan biri ko 'yar barewa ko aku a ƙofar gida, ku sani galibi sai an kashe uwar ko an fasa sheƙa kafin a kamo ɗan. Haka kuma duk mai maganin da ya ce ki kawo kan ungulu ko kitsen zaki, ki riƙe kuɗinki. Tun 1985 akwai doka a Nijeriya wadda ta hana kamu da cinikin namun dawan da su ke shirin ƙarewa. In ba mai saye, maharbi ba zai ɓata harsashinsa ba.

Na huɗu naku ne, 'yammata 'yan makaranta. Ko wacce ta sami ƙaramin littafi. Ran da kuka je, ku rubuta kwanan wata a sama, sa'an nan ku ja layi uku, ɗaya na suna, ɗaya na adadi, ɗaya na abin da kuka lura da shi. Ku rubuta sunan da Hausa tukuna kafin na Turanci. In allo ya ce abu kaza ne, ku duba da idonku ko shi ɗin ne a ciki. In kun ga keji ya sauya mai shi, ku gai da ma'aikaci da ladabi ku tambaye shi ina na dā ya tafi. Za ku yi mamakin yadda su ke jin daɗin a tambaye su, don yawancin masu zuwa ba mai ce musu ko sannu. In kun koma gida ku karanta wa kaka sunayen, ku ce ta ƙara muku waɗanda ta sani ba ku gani ba. Ni tawa kakar ta ba ni kanki da mazo da kyarkeci da yanyawa, ta kuma yi mini dariya da na kasa faɗin kamannin ko ɗaya. Bayan shekara guda ku koma da littafin nan ku sake ƙirga. In abin ya ragu, ku nuna wa malamarku, ku rubuta wa hukumar gidan takarda cikin ladabi da sunan ajinku. Takarda mai ɗauke da lissafi ta fi ƙorafin baki nauyi.

Kafin mu fito ran nan, Baba ya kira mu bayan wani shinge ya ce mu yi shiru. Ashe jiminar da ta rage ta yi ƙwai, namijin ne kwance a kai, ya ɗan ɗaga sai muka hango guda bakwai, ko wanne ya kusa kai girman ƙaramar ƙwarya. Ya gaya wa yaran ƙwai ɗaya ya yi na kaza wajen 24, kuma kwana 42 a ke yi kafin a ƙyanƙyashe, macen ta kwanta da rana, namijin ya karɓe ta da yamma har safiya. 'Yar ƙaramar nan da ta tambayi zaki ta buɗe littafinta ta rubuta, jimina biyu, ƙwai bakwai. Ta ce, "Malama, in mun dawo hutu za ki sake kawo mu mu ga ko sun zama tara?" Na yi mata alkawari, in Allah ya kai mu, kuma duk abin da muka tarar zan ba ku labari a wannan fili.

Ku ma wadda ta je na garinsu ta aiko mini da abin da ta ƙirga ta hannun Edita, da sunayen namun dawan da tsofaffin gidansu suka ba ta, mu haɗa mu ga abin da ya rage mana. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin. Sai mako mai zuwa.